Giyar hannu ko otomatik: Daga filin tsere zuwa hanyar Ɗambatta

A yayin da manyan kamfanonin ƙera motocin gudu na duniya suka kusa yin ban kwana da giyar hannu, direbobin haya a ƙauyukan arewacin jihar Kano na ci gaba da riƙe ta hannu bibbiyu. To amma tambayar ita ce, har zuwa yaushe za su ci gaba da samun ta?

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, ya leƙa cikin motocin da ke sauke mutane da awaki da buhunan gero, zai ga abu ɗaya a ƙarƙashin ƙafar akasarin direbobin: abubuwan takawa guda uku, wato kuloci da birki da totur.

Haka abin yake a cikin ƙananan motoci ƙirar Golf, da Sharan wadda aka fi sani da Sharon, da tsofaffin a-kori-kura, da kuma motocin J5 masu jigilar tumatir da albasa.

Amma attajirin da ya shiga shagon Ferrari ko na Lamborghini a 'yan shekarun nan da nufin sayen ɗaya daga cikin motocinsu na yau da kullum, abubuwan takawa biyu kawai zai tarar. Babu kuloci.

Wannan ya sa ake ta muhawara a tsakanin ma'abota motocin gudu a Turai da Amurka game da wacce ta fi. Muhawarar na iya zama kamar ta masu hannu da shuni, to sai dai sakamakonta na shafar aljihun direba da bakanike da manomi a Bichi da Makoɗa da Minjibir, domin motar da aka ƙera a can yau, ita ce za ta zo nan a matsayin ta hannu bayan shekara goma ko goma sha biyar.

Yadda kowacce ke aiki

Injin mota ba ya iya bayar da ƙarfi da gudu a lokaci guda, shi ya sa ake buƙatar giya. Ƙaramar giya, kamar ta ɗaya da ta biyu, tana bayar da ƙarfin tashi da hawa tudu da jan kaya. Babbar giya kuwa tana bayar da gudu tare da rage wa injin wahala.

A mota mai giyar hannu, direba ne ke yanke shawara. Idan ya taka kuloci, wani faifai ne ke raba injin da akwatin giya na ɗan lokaci, sai ya tura sandar giya inda yake so, sa'annan ya saki kuloci su sake haɗuwa. Ƙarfe ne ke tura ƙarfe, babu wani ɗan aike a tsakani.

A otomatik irin ta gargajiya kuwa, mai ne ɗan aiken. A maimakon faifan kuloci, akwai wani rufaffen kasko cike da mai, mai ɗauke da wasu abubuwa biyu masu kama da fanka suna fuskantar juna.

Idan mutum ya ajiye fanka biyu gaba da gaba, ya kunna ɗaya, zai ga iskarta na juya ɗayar. Haka abin yake a cikin kaskon, sai dai mai ne ke yin aikin iskar. Daga nan sai matsin man, tare da umarnin wata ƙaramar kwamfuta, su zaɓi giyar da ta dace.

Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar da irin wannan giya da yawa, lokacin da ya sanya ta a motocin Oldsmobile samfurin 1940. Shekaru da dama bayan nan ana yi mata kallon giyar masu son hutu: ba ta da hanzari, tana shan mai, kuma wani ɓangare na ƙarfin injin na salwanta a cikin kaskon. Akasarin matuƙan tsere ba sa waiwayarta.

Yadda aka ƙwace filin tsere

Al'amura sun sauya ne a shekarar 1989, lokacin da Ferrari ya shiga gasar tseren motoci ta Formula One da wata mota da injiniya ɗan Ingila John Barnard ya tsara. Motar ba ta da sandar giya. Wasu 'yan maɓallai biyu ne a bayan sitiyari, matuƙi ya taɓa ɗaya giya ta hau, ya taɓa ɗayan ta sauka, hannunsa bai bar sitiyari ba.

A tseren farko da ta shiga, a Brazil, Nigel Mansell ya yi nasara da ita. Cikin 'yan shekaru sauran masu fafatawa suka bi sahu, kuma a 1997 Ferrari ya sanya irin wannan tsari a motarsa ta kan titi mai suna F355.

Wanda ya taɓa hawa babur ɗin roba-roba zai fahimci tsarin da sauƙi: mahayi ne ke zaɓen giya, amma ba shi ne ke kama kuloci ba, saɓanin babur ƙirar Boxer.

Mataki na gaba shi ne giya mai kuloci biyu. Kuloci ɗaya na kula da giya ta ɗaya da ta uku da ta biyar, ɗayan kuma na kula da ta biyu da ta huɗu da ta shida. Yayin da mota ke tafiya a giya ta biyu, tuni an riga an shirya ta uku tana jira, saboda haka sauyin kan faru kafin ƙiftawar ido, ba tare da ƙarfin injin ya yanke ba.

Kamfanin Porsche na Jamus ya gwada wannan tsari a motocin tserensa tun a shekarun 1980. Amma motar farko da aka sayar wa jama'a da shi ita ce Golf R32 ta Volkswagen a 2003, wato 'yar gida ɗaya da Golf ɗin da ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Kazaure. Porsche ya kawo tsarin cikin motarsa ta 911 a 2008.

Alƙaluman kamfanin da kansa sun nuna tazarar. Motar 911 GT3 samfurin 2017 mai kuloci biyu na kaiwa gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa 3.4 daga tsaye. Irinta sak mai giyar hannu kuwa na buƙatar daƙiƙa 3.9, ko da gwani ne a kan sitiyari.

Rabin daƙiƙa ba komai ba ne a hanyar kasuwa, amma a filin tsere shi ne tazarar da ke tsakanin mai ɗaukar kofi da ɗan kallo.

A ƙarshe dai Ferrari ya daina sanya giyar hannu a motocinsa a farkon shekarun 2010. Lamborghini ya rabu da ita bayan da ya rufe ƙera Gallardo a 2013. Ita ma Corvette ta Amurka, samfurin 2020 ya fito ne ba tare da ita ba.

Masu kishin giyar hannu

To sai dai ba kowa ne ya yi na'am da hakan ba. Lokacin da Porsche ya fitar da GT3 a 2013 ba tare da giyar hannu ba, masu saye sun yi ta ƙorafi. A 2016 kamfanin ya ƙera wata mai suna 911 R mai giyar hannu, guda 991 kacal, aka yi wawarsu. A 2017 ya mayar da giyar hannu cikin GT3.

Toyota ma ya fitar da sabuwar Supra a 2019 da otomatik kaɗai, amma ya ƙara mata giyar hannu a 2022 saboda matsin lambar masu saye.

Hujjar waɗannan mutane ba ta gudu ba ce, domin sun amince cewa na'ura ta fi su hanzari. Abin da suke nema shi ne jin daɗin sarrafa mota da hannu da ƙafa, kamar yadda mahayin doki a ranar hawan salla ke alfahari da yadda yake juya linzami, duk kuwa da cewa ya san mota ta fi doki sauri.

Ke nan a can, giyar hannu ta tashi daga abin larura ta koma abin marmari, wanda mai kuɗi ke nema domin nishaɗi. A ƙauyukan Kano kuwa, har yanzu maganar larura ake yi.

Gadon Peugeot

Alaƙar direbobin arewacin Najeriya da giyar hannu ta samo asali ne tun daga zamanin Peugeot. An kafa kamfanin harhaɗa motocin Peugeot na Kaduna a 1972, ya fara aiki a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har zuwa 2006, shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa.

Ita kanta 504 tana da tarihi a fagen tsere. Ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake yi a kan hanyoyin ƙura da taɓo, a 1975 da kuma 1978. Ba gudu kaɗai ne ya ba ta nasara ba, juriya ce, kuma juriyar ce ta sa ta karɓu a ƙasar Hausa.

A kan 404 da 504 ne dubban kanikawa suka koyi sana'a, su kuma suka koya wa yaransu. Da motocin hannu suka fara kwararowa daga Beljiyam da Jamus ta tashar jiragen ruwan Kwatano a shekarun 1990, akasarinsu ma masu giyar hannu ne, saboda ita ce aka fi amfani da ita a Turai a wancan lokaci. Saboda haka ilimin da aka gada bai tsufa ba.

Abin da ya sa ƙauye ke ɗari-ɗari

Yankin da ya kewaye birnin Kano na daga cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a yankin busasshiyar ƙasa na Afirka ta Yamma. Gona na jingine da gona, ƙauye na hangen ƙauye. Da zarar an sauka daga kwaltar Kano zuwa Katsina ko ta Kano zuwa Daura, sai a faɗa burtali da 'yan siraran hanyoyi masu rairayi da rani, masu taɓo da zaizaya da damina.

A irin wannan wuri, abubuwa huɗu ne ke sa direba ya gwammace giyar hannu.

Na farko shi ne turi. Idan batir ya mutu ko kik ya ƙi, mai giyar hannu zai nemi samari uku ko huɗu su tura shi, ya sa giya ta biyu, ya saki kuloci, mota ta tashi. Otomatik ba ta tashi da turi, saboda famfon da ke samar da matsin mai a cikin akwatin giya ba ya aiki sai injin na juyawa. Ga wanda ya ɗauko kwandunan tumatir daga gonakin noman rani na madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, kwana ɗaya a daji na iya cinye ribar lodin gaba ɗaya.

Na biyu shi ne ja. An saba ɗaura igiya a jawo motar da ta lalace zuwa gari. Idan aka yi wa otomatik haka tafiya mai nisa, tayoyinta na ƙasa kuma injin na kashe, sassan cikin giyar za su yi ta juyawa babu mai da ke zagaya su, har su ƙone. Sau da yawa ƙaramar matsala ce ke tsayar da mota, amma jan da aka yi mata ne ke kashe giyar.

Na uku shi ne zafi da lodi. Babban abokin gabar otomatik shi ne zafin mai. Motar da aka ƙera domin mutum biyar, aka loda mata mutum takwas da buhunan masara, aka sa ta cikin rairayi a watan Afrilu, manta zai yi zafi fiye da kima, ya yi baƙi, ya rasa ƙarfinsa. Giyar hannu ma na jin jiki, amma abin da ya fi ƙonewa shi ne faifan kuloci, wanda ake iya sauyawa cikin yini ɗaya.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne gyara. Kusan kowane gari na da bakaniken da zai iya sauke akwatin giyar hannu a gindin bishiya, ya gyara, ya mayar. Otomatik ta zamani kuwa na buƙatar na'urar da ake jonawa domin karanto matsalar daga kwamfutar motar, da wuri mai tsabta inda ƙura ba za ta shiga ba, da kuma nau'in man da ya dace da ita.

Idan babu waɗannan, abin da aka saba yi shi ne a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano a sayo wani akwatin giyar na hannu sukutum, wanda ba a san tarihinsa ba, a ɗora. Wannan kuwa ba ƙaramin kuɗi yake ci ba, musamman tun bayan da darajar naira ta faɗi har dala ɗaya ta haura naira 1,500 a 2024.

Ya kamata a lura cewa duk waɗannan ba su nuna cewa otomatik raguwa ce a rairayi ba. Manyan motocin Land Cruiser na zamani da ita suke keta sahara, kuma yadda take sakin ƙarfi a hankali na taimakawa wajen hana taya tonon rami. Matsalar ba ta giyar ba ce ita kaɗai, ta tsohuwar mota ce da aka ɗora wa aikin da ya fi ƙarfinta, a wurin da babu mai kula da ita.

Batun shan mai

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, lissafin direbobi ya sauya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama.

Wannan ya ƙara ƙarfafa ra'ayin da ya daɗe a tashoshin mota cewa otomatik mashayiyar mai ce. Maganar na da ƙamshin gaskiya, amma ba a kowane hali ba.

Tsofaffin otomatik masu giya huɗu, irin waɗanda ke cikin motocin shekarun 1990 da farkon 2000, sun fi takwarorinsu masu giyar hannu shan mai. Su ne kuma suka fi yawa a hannun masu ƙaramin ƙarfi.

Amma tun daga 2006, lokacin da Lexus ya fito da otomatik mai giya takwas, lamarin ya fara juyawa. A yanzu akwai masu giya tara da goma, kuma suna da wata dabara ta kulle kaskon man da zarar mota ta miƙe, ta yadda ƙarfin injin ba zai salwanta ba. Irin waɗannan kan yi kunnen doki da giyar hannu wajen tattalin mai, wani lokaci ma su zarce ta.

Bugu da ƙari, ƙafar direba na da nata tasirin. Wanda ke barin mota tana kuka a ƙaramar giya, ko yake ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya, zai ƙona mai da faifai fiye da mai otomatik da ke tuƙi cikin natsuwa.

Rijiyar na ƙafewa

Babban abin da ya kamata ya ja hankalin masu sana'ar mota shi ne cewa zaɓin ba ya hannunsu. Akasarin motocin da ke yawo a titunan Najeriya na hannu ne da aka shigo da su daga waje, kuma ƙasashen da suke fitowa na juya wa giyar hannu baya.

A Amurka, sababbin motoci masu giyar hannu ba su kai kashi 2 cikin 100 na waɗanda aka sayar a 'yan shekarun nan ba. Shi ya sa kusan duk Camry da Accord da aka shigo da su daga can otomatik ne, ita kuwa Sienna, wadda ta shiga sahun motocin haya masu dogon zango, ba a taɓa ƙera ta da giyar hannu ba.

A Turai ma, wadda a da ita ce cibiyar giyar hannu, iska ta sauya. A Birtaniya, sababbin motoci masu otomatik sun zarce masu giyar hannu a 2020. Volkswagen ya daina ƙera Sharan a 2022, kuma ya cire giyar hannu daga Golf GTI a 2024.

Sai kuma motoci masu aiki da lantarki, waɗanda akasarinsu giya ɗaya gare su, ba sa buƙatar sauyi ko kaɗan. Abin ban sha'awa shi ne, kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu ya fitar da wata motar gudu mai lantarki, Ioniq 5 N, a 2023, wadda ke kwaikwayon ƙara da fizgar sauya giya domin kawai ta faranta wa matuƙi rai.

Ma'anar wannan duka ita ce, Golf da Sharon da ke hanyar Bichi a yau za su ci gaba da tsufa, kayan gyaransu za su ƙara wuya, kuma waɗanda za su gaje su akasari ba za su zo da kuloci ba.

Shiri tun kafin lokaci

Ga mai otomatik a karkara, akwai matakan da ke tsawaita ran giyar. A riƙa duba man giya: idan ya tashi daga ja ya koma baƙi, ko yana warin ƙuna, alama ce ta matsala. Kada a zuba kowane irin mai don kawai launinsa ya yi kama, domin kowace giya da nau'in da aka tsara mata.

A tabbata lagireto na aiki sosai, saboda a motoci da yawa shi ne ke sanyaya man giyar. A tsayar da mota cak kafin a sauya daga gaba zuwa baya. A rairayi ko hawan tudu da kaya, a sa ta a ƙaramar giya maimakon a bar ta tana ta hawa da sauka. Idan kuma ta lalace, a ɗaga tayoyin da ke jan motar daga ƙasa kafin a ja ta, ko a ɗora ta a kan wata motar.

Ga kanikawa kuwa, ƙalubalen ya fi girma. Yaron da ke koyon aiki a gareji a Ɗambatta ko Gezawa a yau, zai yi yawancin shekarun sana'arsa ne a kan motocin da sai an iya karatu da sarrafa na'ura kafin a gano cutarsu. Idan ilimin ya tsaya a birni kaɗai, to kowace ƙaramar matsala sai an kai ta Kano, kuma fasinja da manomi ne za su biya kuɗin a ƙarshe, ta hanyar tsadar kuɗin mota da na dakon amfanin gona zuwa kasuwanni irin su Dawanau.

A filin tsere dai an riga an raba gardama, agogo ya ba otomatik gaskiya, an bar wa masu sha'awa giyar hannu su yi nishaɗi. A hanyoyin ƙauyukan Kano kuwa, ba agogo ne alƙali ba. Motar da za ta kai mutum kasuwa ta dawo da shi gida, kuma in ta lalace a samu mai gyara ta a kusa, ita ce ta yi nasara.

A halin yanzu, giyar hannu ce ke cika wannan sharaɗi. Ko otomatik za ta cika shi nan gaba, wannan ya dogara ne ga abin da ake koya wa yaran gareji tun daga yau.